Maganar da na haɗiye a hanyar Shantou

Sha biyu saura na dare na shigo ɗaki. Ban ci komai ba tun indomin da na saya a zango, kuma ba na jin yunwa. Maman yara ta kira sau biyu, na ce mata gobe.

Tun makon jiya Alhaji, ɗan kasuwar da nake yi wa tafinta, yake nan Guangzhou a ƙasar Sin, sayayyar kayan wasan yara na Sallah. Yau ce ranar Chenghai, yankin birnin Shantou da ake ƙera kayan wasan yara. Masu kamfanin da muke hulɗa da su suka ce kada mu wahalar da kanmu da jirgin ƙasa, za su aiko mota har ƙofar otel a unguwar Xiaobei. Muna idar da sallar asuba muka fito, sai ga ta a tsaye da koriyar lamba, irin wadda ake ba motocin lantarki a nan. Zeekr 009, baƙa, tsawonta ya haura mita biyar, gabanta kamar ƙofar gidan sarauta. Alhaji ya zagaye ta sau biyu kafin ya shiga. Tun daga nan na san akwai magana.

Shi da ɗansa suka zauna a kujerun tsakiya, masu kwanciya, masu yi wa mutum tausa a baya. Ni ina gaba kusa da direba, Shifu kamar yadda ake kiran direbobi a nan. Ba mu kai Huizhou ba Alhaji ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa shiga motar da ba ya jin kukan injinta ba. Da muka fita daga wurin karɓar kuɗin hanya Shifu ya so ya burge shi, ya taka totur. Hular Alhaji ta koma ƙeya, ɗan nasa ya yi ihu, ni kaina na kama ƙofa. Abu mai nauyin kusan tan uku, amma a takarda daƙiƙa 4.5 ke kai ta gudun kilomita 100. Injinan lantarki biyu ne, gaba da baya, ƙarfin doki 544. Babu jiran canjin giya, kana takawa tana tafiya. Alhaji ya gyara hula yana dariya har da tafi, ya ce, “Wannan ai ba mota ba ce, aljana ce.”

Sai ya fara tambayoyi, ni kuma ina fassarawa. Wa ya ƙera ta? Na ce reshen Geely ne, masu Volvo, a ƙarshen 2022 suka fito da ita. Nawa? Na ce lokacin da ta fito mai babban batir yuwan 588,000, mai ƙarami 499,000, amma yanzu ana samun ta hannu ƙasa da haka sosai. Sitiyarinta a hagu, irin namu, wannan ma ya yi masa daɗi. Ya ce a nemo masa mai tsabta, a sa ta a kwantena tare da kaya. Ya ce ya gaji da kuɗin fetur tsakanin Kano da Abuja, kuma Hajiya ba ta son jirgi.

A zuciyata na riga na fara lissafin la'ada. Ba zan ɓoye ba. Kuɗin haya na ƙarewa wata mai zuwa, ga sabunta biza.

Sai ya ce, “Tambaye shi, tsakaninsa da Allah, caji ɗaya kilomita nawa take yi?”

Na tambaya. Shifu mutum ne mai surutu in aka taɓo mota. Ya ce a takarda 822, tunda tasu mai babban batir ɗin kamfanin CATL ce, yunit 140. Ya yi dariya, ya ce amma wannan lissafin ɗakin gwaji ne. A kan babban titi, ana gudun 120, ga sanyi a kunne, ga mutane huɗu, sai dai ka yi mata “da qi zhe”. Wato ka ɗauki bakwai cikin goma, kamar yadda ake cewa in ana ragi a kasuwa. Ya ce wani lokacin ma bai kai haka ba, shi ba ya dogara da fiye da 550, kuma ba ya yarda ta sauka ƙasa da kashi 15 kafin ya nemi caja. Ya ɗauki kusan minti biyu yana bayani, har da nuni da hannu yadda iska ke dukan ƙirjin motar.

Na juya baya na ce, “Ya ce 822, Alhaji. Ya ce tana tafiya sosai.”

Alhaji ya ce, “Masha Allah. Kusan zuwa da dawowa ke nan.”

Na ce, “Kusan.”

Wannan “kusan” ita ta hana ni sakat duk yinin nan.

Abin haushin shi ne na san komai game da lambar nan, ba yau na fara yi wa mutane bayaninta ba. Gwajin da ake yi a nan, CLTC, rabin awa ne kacal, matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 30 a awa ba, tsaye-tsaye ne irin na cikin gari, kuma ko a ƙololuwarsa bai wuce 114 ba. Motar lantarki a cikin gari take jin daɗi, domin duk lokacin da aka saki totur ko aka taɓa birki tana mayar da wuta cikin batir. A babban titi ba ka birki, sai kokawa da iska, ita kuwa iska in ka ninka gudu sau biyu turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Mota mai faɗin ƙirji irin wannan ta fi kowa jin jiki. Ba laifinta ba ne, duk 'yan'uwanta haka suke. Bara ma sai da na zauna na warware wa wani yaro ɗan Maraɗi wannan lissafi dalla-dalla, kyauta, don ba ni da ko sisi a cinikinsa.

Hanyar dai lafiya lau. Ruwa ya ɗan sauka wajen Shanwei. Allon gaban Shifu yana nuna kashi, ba kilomita ba, haka ya saita shi. Mun tashi da 100. Da muka yi rabin hanya na saci kallo, 60. Muka shiga Chenghai da 21. Ina ta addu'a kada Alhaji ya leƙo.

Chenghai kamar kullum. Ɗakunan nuna samfur hawa-hawa, motocin rimot, bindigogin ruwa, 'yar tsana mai kuka. Shayi a 'yan ƙananan kofuna kamar murfin kwalba, ka sha ɗaya a cika maka uku. Alhaji ya ƙi bindigogin da suka yi kama da na gaske, ya ce ba da kuɗinsa ba. Mun yi faɗa da su a kan girman katan, mun ci nasara. Azahar da la'asar a wani lungun sito, a kan kwali. Shifu ya bar motar a ƙarƙashin gini tana shan wuta a wata caja mai sanyin jiki, awa biyar ta kai ta 60.

Wato dole a tsaya a hanyar dawowa. Muka tsaya a wani zango wajen Shanwei, daidai magariba, batir na 28. Motoci biyu a gabanmu, muka ɗan jira. Shifu ya ɗauko kan cajar, wayarsa kauri kamar damtsen yaro, ya soka, ya haska waya da WeChat, abin ya fara gurnani. Ya ce minti arba'in da wani abu, zuwa 80 kawai zai kai ta, domin daga nan caji tafiyar hawainiya yake yi, ɓata lokaci ne.

Muka yi alwala da ruwan roba, muka yi salla a gefen ciyawa. Ɗan Alhaji ya tafi neman abin sha. Muka rage mu biyu a kan dakalin siminti, muna fuskantar allon cajar, lambobi na hawa. Yunit 12, yunit 13.

Alhaji ya ce, “Wannan yunit ɗin, irin wanda muke saye a mita ne?”

Na ce shi ne.

“To 140 take sha. A gida fa, in na sa mata caja?”

A nan na ji bakina ya buɗe, wataƙila don in rage nauyi. Na ce cajar gida ta kilowat 7 awa ashirin za ta yi kafin ta cika ta daga ƙasa. Ya yi murmushi ya ce ai awa ashirin ɗin ce cif aka yi wa 'yan Band A alkawari a rana. Na ce in sola ce, faranti ɗaya mai wat 550 zai ba ku kamar yunit uku a yini mai kyau, a cika ta a rana guda sai an shimfiɗa wajen hamsin. Ƙaramin janareta kuwa kada ma a fara. Na ce bakin cajarta ma irin na Sin ne, GB/T, duk cajar da za ku tarar a can sai kun duba ko ta dace ko sai da mahaɗi. Ya yi ta gyaɗa kai. Duk wannan na faɗa, amma 822 ban taɓa ta ba.

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Shekarata goma sha shida ina zuwa ƙasar nan. Ban iya yarensu ba, ko gaisuwar kirki ban iya ba. Amma ka san abin da ɗan kasuwa ke fara koya?”

Na ce a'a, alhali na sani.

“Ƙirga. Yi, ar, san, si.” Ya lissafa da yatsu har bakwai. “Qi. Da kuma zhe. Da wannan kalma na sayi atamfa, na sayi takalma, na sayi fitila. Ɗazu direban nan ya yi magana mai tsawo, kai kuma ka miƙo mini guntuwa.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara cewa, “Alhaji, ai dama ina nufin in mun sauka...” Ya ɗaga hannu.

Na so ya yi faɗa. Da ya yi faɗa da na ba da haƙuri, an wuce wurin. Bai yi ba. Sai ya tambaye ni jikin Baba, ko ƙafar ta yi sauƙi, ko har yanzu yana iya zuwa masallacin Juma'a da kansa. Ya ce tare suka fara tallan yadi a ka, kuma Baba ne ya taɓa bin wani Bafulatani har tasha don ya mayar masa da canjin da ya manta. Labarin da na ji ya fi sau ashirin, amma ban taɓa jin sa da zafi irin na yau ba. Yana gama shi ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce mu je mu ga ko aljanarsa ta ƙoshi.

Ta kai 80. Yunit saba'in da 'yan kai, Shifu ya biya yuwan ɗari da wani abu. Alhaji ya sa na juya masa kuɗin zuwa naira, ya kwatanta da abin da jip ɗinsa ke sha daga Kano zuwa Kaduna, ya yi fito.

Ni dai ra'ayina, in da gaske yake, motar za ta kai shi Abuja da caji ɗaya, tunda nisan bai fi na yau ba. Amma zai isa da ɗan abin da ya rage, kuma sai ya san inda zai kwana da ita a can tun kafin ya bar gida. Zafin watan Afrilu na Kano ma sanyin cikinta zai ƙara ci. Ga ramuka, ga batir shimfiɗe a ƙarƙashin cikinta, ga tambayar wa zai buɗe ta in ta yi tari. Da haka na faɗa masa tun safe, wataƙila da ya saya duk da haka. Mutumin da ya yi tafi don hularsa ta zame.

Sauran hanyar ba wanda ya yi magana. Ɗan ya yi barci, kujera na ta murza masa baya. Shifu ya kunna wani shiri na rediyo a hankali. Motar shiru, irin shirun da da safe na yaba, da dare kuma na rasa inda zan ɓuya a cikinsa. Ko injin da zai rufe wa mutum numfashi babu.

A ƙofar otel Alhaji ya ce, “Gobe ƙarfe tara, sito.” Maganar mota bai sake tayar da ita ba, bai ce a nema ba, bai ce a bari ba. Ya ba Shifu tukuici, ya ce in gaya masa ya gode da gaskiyar da ya faɗa. Wannan na fassara ta kalma bayan kalma. Shifu ya dube ni bai gane ba.

Na ɗauki saƙon murya sau uku zan tura wa Alhaji, ina gogewa. Na farko ya yi tsawo, na biyu kamar ina kare kaina, na uku muryata ta yi wani iri.

Katan 340 za a auna gobe, kuma ban san inda na ajiye tef ɗin awo ba.