Kududdufan Akwidaa

Asabar, 15 ga wata, Takoradi

Ƙafafuna na cikin bokitin ruwan ɗumi nake wannan rubutu. Taubashina yana can tsakar gida, Kawu na cire masa ƙaya daga diddige da allura, shi kuwa sai ihu yake kamar yaron da aka kai gun wanzami. Yadda aka yi ƙayar ta shiga yana nan gaba.

Tun ina Kumasi nake ganin hotunan gaɓar yammacin Gana a Instagram: rairayi shimfiɗe, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo, ba sawun kowa, a ƙasa a rubuta wai ɓoyayyen wuri ne. Da na zo hutu gidan Kawu sai na ce lallai sai na je da kyamarata. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ko kogin Subin ba ka taɓa tsoma ƙafa ba, me ya haɗa ka da teku?" Daga ƙarshe ya haɗa ni da ɗansa, wai ya kula da ni. Yanzu ga mai kula da ni can yana kiran sunan uwarsa.

Da gangan na zaɓi yau. Teku tana cika ta janye sau biyu a wuni da dare, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Janyewa mafi nisa sai a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da wata da rana suke jan ruwan ta layi ɗaya. Abin ya ba ni mamaki da na fara sani, watan nan da muke ɗaga kai nema in azumi ya gabato, ashe shi ke wa masunta lissafin aikinsu. A gaɓar nan tsakanin cika da janyewa bai kai mita biyu ba, amma a kan shimfiɗaɗɗen dutse wannan ɗan bambancin ya isa ya buɗe fili mai faɗi.

Muka yi sallar asuba, muka sha koko da ƙosai a tasha, muka shiga tirotiro zuwa Agona Nkwanta. Daga nan sai motar Akwidaa, wadda ta ƙi tashi sai da ta cika maƙil har da kwandunan kifi marasa kifi, masu wari. Bayan an bar kwalta sai jar hanya ta cikin gonakin roba, bishiyoyi jere reras kamar sahun masallaci, kowace da ɗan kofi ɗaure a gindinta yana tarar ƙaro. Ƙura ta mayar da mu jajaye.

Akwidaa garin Ahanta ne, kashi biyu, tsoho da sabo, kogin Ezile ya ratsa tsakani, ana haye shi ta gadar ƙafa. A kan tudun da ke bakin kogin akwai kufan ganuwar Dorothea, wadda Jamusawan Birandinbag suka gina a shekarun 1680, 'yar'uwar babbar ganuwarsu ta Princes Town da aka fara a 1683. Itatuwa sun cinye ta, saiwoyi sun rungume bango. Ban daɗe a can ba. Na san an yi fataucin bayi a irin waɗannan gine-gine, kuma ruwa ba zai jira ni ba.

Wani yaro ɗan kimanin shekara sha biyu ya liƙe mana tun daga gada. Na yi masa Tuwi, ya amsa da Fanti, muka fahimci juna. Da na nuna masa hoton da nake nema a waya sai ya yi dariya ya wuce gaba, muka bi shi ta yamma, ta cikin kwakwa, ta wata siririyar hanya da ciyawa ke dukan gwiwa. Tafiyar kusan rabin awa sai ga wani lungu tsakanin duwatsu biyu baƙaƙe, rairayi a tsakiya, teku ta ja baya ta bar dutsen yana ƙyalli. Wajen ƙarfe goma saura. Hazon hunturu ya rufe rana, hasken ya yi laushi, irin wanda mai ɗaukar hoto ke roƙon Allah ya ba shi.

Na ruga kududdufin farko na leƙa. Ba komai. Ruwa garau, gansakuka, ɗan rairayi a ƙasa. Na biyu ma haka. Na fara jin haushin kuɗin motata. Yaron ya ja hannun rigata ya ce in tsuguna, kada in motsa, kuma in janye inuwata daga kan ruwan. Na tsuguna. Minti biyu, uku. Sai wani abu da na ɗauka tsakuwa ne ya miƙe da ƙafafu ya fara tafiya: ƙaramar kaguwa ce da ta shige cikin katantanwar da mai ita ya mutu, tana jan gidan aro a bayanta. Sai ta biyu, ta uku. Wasu kifaye 'yan mitsi-mitsi masu launin dutsen suka fito daga ƙarƙashin gefe, ba sa iyo kamar kifin da na sani, tsalle suke su dafe ƙasa da fukafukan ƙirji su tsaya cik. A bango akwai wani abu kamar fure mai yatsu da yawa yana lilo a hankali. Yaron ya taɓa shi da tsinke, nan take ya dunƙule ya koma kamar ɗanyen nama. Dabba ce, da yatsun nan take kama abinci. Duk wannan a cikin gurbin da bai fi faɗin tabarmar salla ba.

Kusan awa guda na yi a kan wannan gurbi ɗaya. Ɗaukar hotonsa kuma wata wahala ce. In na tsaya daga sama, sararin samaniya kawai nake ɗauka, don fuskar ruwan madubi ce. Sai da na ɗaura gilashin nan mai kashe ƙyalli a bakin kyamara, na riƙa juya shi a hankali har farin ya gushe ƙasan ruwa ya bayyana. Iska kaɗan ta taso sai fuskar ruwa ta yamutse, in jira. Feshin gishiri yana sauka a gilashi, in goge da gefen riga ya ƙara dusashewa. Gwiwoyina sun sha yankan ƙananan bawo masu kaifi da suka manne wa dutsen. Cikin hoto sama da ɗari biyu da na ɗauka a nan, da na duba a mota, bai fi shida da zan iya nuna wa mutane ba.

A ramukan da ke kusa da bakin ruwa ne ake samun baƙaƙen nan masu ƙaya ta ko'ina, kamar bushiya ta dunƙule. Kowace tana zaune a ramin da ya yi daidai da jikinta. Yaron ya gargaɗe mu sau biyu. Taubashina ya ce shi haifaffen Takoradi ne, ba za a koya masa teku ba, ya tuɓe silifa ya hau dutse ya ce, "Ɗan Kumasi, ɗauke ni a nan, ka tabbata teku ta fito a bayana." Ta fito kuwa. Igiya ɗaya da ta fi sauran ta taso ta daki ƙaurinsa, ya ja da baya ya taka. Na samu hoton, bakinsa a buɗe, hannu a sama. Ya ce in na sa shi a intanet ba ni ba shi. Za mu gani.

Muna cikin jinyarsa ne na lura ashe ba mu kaɗai ba ne. Can ƙarshen dutsen wata tsohuwa ce da 'yan mata biyu, kowace da wuƙa da roba, suna ɓamɓarar ƙananan dodon koɗi. Na je na gaishe ta, na nemi izinin hoto. Ta ce a'a ga fuskarta, amma in ina so in ɗauki hannunta da robar. Na tambaye ta ko mutane na zuwa nan. Ta ce tun tana yarinya take zuwa da uwarta, duk sanda wata ya cika. Lungun yana da suna a bakinsu, ta faɗa mini sau biyu, harshena ya kasa. Na tuna kalmar "ɓoyayye" da ke ƙarƙashin hotunan can, na ji 'yar kunya. Na kuma gane yadda ake samun rairayin da ba sawun kowa: a layin da ruwa ya tsaya jiya akwai ledojin fiya wata, silifa ƙafa ɗaya, guntun koma, da tulin jar ciyawar teku da ta addabi gaɓar nan tun wajen 2011. Mai hoto yana karkata kyamara ne kawai. Ni ma na karkata, ba zan yi ƙarya ba. Daga baya na dawo na ɗauki ɗaya da ledojin a ciki.

Kafin azahar ruwa ya fara dawowa. Ba da gaggawa ba, igiya ta leƙo gurbina ta koma, ta sake leƙowa, a ta biyar ta haɗe shi da teku. Na yi alwala da ruwan gishiri, karo na farko a rayuwata, ina tuna hadisin da muka haddace a makarantar allo game da teku, cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal. Kurkurar baki dai sai da na daure.

Na so mu ƙarasa Cape Three Points, ƙarshen Gana ta kudu, in ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925 da kufan ta 1875. An ce nan ce ƙasa mafi kusa da inda layin ikwaita, mai raba taswirar duniya arewa da kudu, ya gamu da layin Girinwic, mai raba ta gabas da yamma, a tsakiyar teku, kimanin kilomita 570. Mai ɗingishi ya ce ko da kuɗi ba zai je ba. Muka sallami yaron, muka sayi dokunu da soyayyen kifi a bakin gada, muka jira mota har la'asar.

Da dare na nuna wa Kawu hotunan. Ya wuce kifayen da sauri, ya yi dariya a kan ɗansa har da tari, sannan ya tsaya a kan wani bawo mai santsi, ruwan ƙasa, da na ɗauka a tafin hannun yaron. Ya ce, "Wannan ai ɗan'uwan wuri ne." Ya ce kakanmu da ya zo Salaga fataucin goro ya bar wuri, wato farin bawon da ake kashewa a matsayin kuɗi a da, cike da ƙwarya, suna yara suna wasa da shi, ba wanda ya taɓa gaya musu daga teku yake. Na ce masa wancan farin ma daga tsibiran Maldib na tekun Indiya jirage suka riƙa kawo shi. Ya ce in tura masa hoton a WhatsApp, ya koma kan diddigen, saura ƙaya uku.