Daga Katsina Zuwa Daura da Birki a Riƙe

Ɗaurin auren ɗan uwa ne ya ɗauke mu daga Katsina zuwa Daura wata Asabar cikin kaka. Ni ke tuƙi, Kawu na gidan gaba, ƙannena biyu na baya da huhun goro a tsakaninsu. Motar Golf 3 ce mai giyar hannu, irin wadda ta cika tashoshin garin nan. Tafiyar kuma ba wata mai nisa ba ce, kilomita 80 ne ko kusa da haka.

Tun ba mu bar gari ba na ji motar ta yi nauyi. Wanda ya saba da mota mai giyar hannu ya san in ya taka kuloci takan ci gaba da gangarawa da kanta har wani ɗan nisa. Ran nan ina ɗaga ƙafa daga totur sai ta lafa, sitiyari kuma yana ɗan fizgata zuwa dama. Kawu, wanda ya yi shekaru da tasa motar kafin ya ajiye tuƙi, ya yanke hukunci nan take: "Kai yaro, kulocinka ya ƙare." Na ce to, Kawu, don ba a musu da shi a cikin mota. Amma kulocin da ya cinye daban yake nuna kansa: inji ya yi ta ƙara, mota ba ta ƙara gudu. Tawa injin da tayoyi a haɗe suke sarai, wani abu ne ke riƙe ta.

Hanya ta yi kyau, an girbe gero, dammuna jingine a gonaki, amalanken shanu na bin gefen titi. Muna dab da Mashi wani ƙauri ya cika motar. Na sauka daga kwalta a wani ɗan gangare, na sa ta a firi, na sauke birkin hannu. Ko motsi ba ta yi ba. Ƙannena suka tura, da ƙyar ta matsa taku biyu. A firi dai inji ba shi da hannu a tayoyi, saboda haka magana ta koma kan birki ko boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa.

Na zagaya tayoyin ina kusanta bayan hannuna ba tare da na taɓa ba. Uku da ɗan ɗumi na tafiya. Ta gaba ta dama kuwa huci take kamar tanda, wilinta ya yi baƙi da ƙurar birki. Wani mai babur da ya tsaya yi mana sannu ya ce a watsa mata ruwan leda. Na gode masa na ƙi, don ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi wannan zafin yana iya lanƙwasa faifan birki. Muka zauna ta huce. Da ta huce sai ta ɗan saki, na lallaɓa da giya ta biyu muka shiga Mashi.

Bakaniken da aka nuna mana yana ƙarƙashin wata bishiyar bedi, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya gaida Kawu, ya saurari bayanin kuloci har ƙarshe, sannan ya ce, "To, Alhaji, bari mu gani." Abin da ya burge ni shi ne bai fara da kwance komai ba. Ya sa yaronsa ya ɗaga gaban motar da jak, ya ce in taka birki da ƙarfi sau da yawa in saki. Tayar hagu ya juya ta da hannu ɗaya. Ta dama ya sa hannu biyu ta ƙi. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, babu lilo, ya ce boris lafiya yake. Ya leƙa ya danna fedar birki da yatsa, ya ga tana da ɗan sako-sako kafin ta kama. Da babu wannan sararin, ko kuma da ƙaramar kafar da man birki ke komawa ta cikinta a masta, wato famfon da feda ke dannawa, ta toshe, ba taya ɗaya za ta riƙe ba. Tayoyin baya ma ya juya su, tunda kebur ɗin birkin hannu kan yi tsatsa ya maƙale bayan damina. Su ma lafiya.

Saura kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad (takalmin birki) a jikin faifai, da tiyon roba da ke kai mata mai. Ya cire tayar, ya sa ƙaramar sifana a ɗan notin da ake yin bilidin, wato fitar da iska daga man birki, ta wurinsa, ya sassauta. Mai ya yi tsartuwa, faifan kuma ya saki nan take, har yaron ya juya shi da yatsa. "Ka gani, ɗan'uwa?" in ji shi. "Da fistin ne ya ci tsatsa, ko sandunan da kalifa ke zamewa a kai suka bushe, ko na zubar da man duka ba za ta saki ba. Wannan mai ne ke shiga ya kasa komawa."

Tiyon a ido lafiya lau yake, ba tsaga ba yoyo. Daga ciki ne robar ta kumbura ta ɓare. In ka taka birki, ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce ta dole, in ka saki kuma babu abin da zai turo shi baya da irin wannan ƙarfin, sai fad ya zauna manne da faifai. Da ya kwance shi ya hura, iska da ƙyar take fita.

Yaron ya hau babur ya samo wani ɗan Kwatano a shagon kayan mota. Kafin ya dawo, dattijon ya buɗe murfin man birki ya nuna mini: ya koma ruwan shayi mai duhu. Golf tana shan man birki samfurin DOT 4 ne, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma yana tsotsar danshi daga iska, in ya jiƙa yana iya saukowa wajen 155. Shi ya sa ake cewa a sauya shi duk shekara biyu. Da na ci gaba da gudu a haka har man ya tafasa, feda za ta iya nutsewa ƙasa babu birki.

Aka ɗaura tiyo, aka yi bilidin, ina taka feda yana cewa "riƙe, saki". Muka wuce Shargalle mota na gangarawa yadda ta saba. Mun iske an shafa fatiha, amma tuwo da nama ba su ƙare ba. Da la'asar na kai ƙannena rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya, suka sha ruwan suka cika gora.

Kafin mu juyo na biya wani gareji a Daura aka sauya fad na gaba duka biyu, don na dama ya ƙone har yana ƙyalli, aka sa sabon tiyo a hagu tunda sa'an wancan ne. Kuɗin goron da Kawu ya ba ni ajiya ne ya cike lissafin, kuma har muka iso Katsina yana tuna mini.