Kat ɗin da ta ƙi jin sitiyari

A kowace kwana tayar waje ta fi ta ciki cin hanya. In tayar ciki tana mita 10 daga tsakiyar kwanar, tazarar tayoyin kuma mita 1.5 ce, ta waje sai ta ƙara kashi 15 cikin ɗari. Don a raba wannan gardamar aka yi difarenshal, wato giyar da ke tsakanin tayoyin da injin ke turawa, mai barin kowace ta yi gudunta. Na daɗe ina kwance shi ina ɗaurawa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, amma sai da muka haɗa kat, 'yar ƙaramar motar tsere, ni da yaran shagona, na ga yadda mota take in babu shi.

Kat ba ta da difarenshal, ba ta da sifirin. Sanda ɗaya ce ta riƙe tayoyin baya. Mun yi waldar firam da bututun ƙarfe, muka ɗora injin babur, muka kai ta wani fili a wajen Asawase. Yaro ya murɗa sitiyari, ita kuwa ta miƙe abinta, tayoyin gaba suna gurzar ƙasa. Ya sauko ya ce, "Masta, wallahi ba ta ji." Tayoyin baya ne suka kama ƙasa daidai wa daida, kuma muddin gudunsu ɗaya, miƙewa za su yi.

Maganin yana gaba. Muka kwantar da kan ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kanta zuwa baya, wato muka ƙara kasta. Yanzu in ka murɗa, tayar ciki ta gaba tana danna ƙasa, ta waje ta saki, firam ya ɗan murɗe, nauyi ya bar tayar baya ta ciki. A kan siminti na gwada: na sa kwali ƙarƙashinta, yaro yana zaune, ya murɗa har ƙarshe, na zare kwalin da yatsa biyu. Da ƙafa uku kat ke shan kwana. Kada dai a zarce, don kasta in ta yi yawa sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa tsalle a tsakiyar kwana.

Hannuwan sitiyari kuma da zare muka daidaita su, daga kowace ƙusa, ta bakin hannun, zuwa tsakiyar sandar baya, don tayar ciki ta fi ta waje juyawa. Tsohuwar dabara ce ta kekunan doki. Lankensperger na Jamus ya ƙirƙiro ta, Ackermann ya yi mata rajista a Ingila a 1818.

Tun daga nan na ƙara tsanantawa ga masu a-kori-kura da ke ɗauko koko daga ƙauyuka. Kukansu gaskiya ne. Difarenshal na yau da kullum yana ba tayoyin ƙarfi daidai, saboda haka in ɗaya ta faɗa taɓo da damina, wadda ke kan busasshiyar ƙasa ma ba ta samun abin kirki. Sai su ce in yi masa walda, tayoyin biyu su kulle su riƙa juyawa tare. Ba na yi. Motar kaya ba za ta ɗaga ƙafa kamar kat ba. A kwalta za ta riƙa tura hanci waje, ta cinye taya, wata rana sanda ta karye da kaya a kai.

Abin da nake ba su shawara shi ne difarenshal mai taƙaita sulɓi, irin wanda kamfanin ZF ya yi wa motocin tseren Auto Union a 1935. Mai faifan kuloci yana barin tayoyin su bambanta a kwana, ya riƙe in ɗaya ta soma zamewa. Kafin ka biya kuɗi ka ɗaga bayan, ka juya taya ɗaya: in ɗayar ta bi ta, mai kuloci ne, in ta juya baya, yawanci na yau da kullum ne. A zuba masa man da aka yi dominsa, in ba haka ba zai riƙa kakkarwa duk lokacin da aka sha kwana a hankali.