Ruwan sama a zanen fiksel ba a ɗigo yake ba

Ɗan ƙanwata ne ya buɗe mini Aseprite a kwamfutarsa, manhajar zanen fiksel (zanen da ake haɗawa da 'yan ƙananan murabba'ai masu launi), ya ce, "Kawu, duba ruwan saman da nake yi wa wasana." Na leƙa. Ɗigo ne shuɗaye manya-manya, kowanne da tumbi a ƙasa da tsini a sama, yana ta zana su ɗaya bayan ɗaya a kowane firam, wato kowane hoto cikin jerin hotunan da ke ba da motsi. Raina ya ɓaci, domin hanyar nan na bi ta har ƙarshe, ban samo komai ba sai ciwon wuya.

Da na fara, a ganina ruwan sama shi ne ɗigo, kuma gwaninta ita ce yawan ɗigon. Na cika fuskar wasan da su, kowanne na bi shi da hannu daga sama har ƙasa. Da na kunna, sai ga ruwa a tsaye cak, wasu ɗigon ma suna komawa sama. Dalilin kuwa lissafi ne mai sauƙi: tazarar da ke tsakanin ɗigon ta yi daidai da nisan da suke tafiya a firam ɗaya, don haka kowanne yana sauka a gurbin na gabansa, ido ba ya ganin motsi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ƙara ɗigo. Ɗan wasan kansa ya ɓace a cikinsu.

To amma ku yi mini adalci. A lokacin ba ni da wanda zan tambaya, intanet ɗin ma sai an yi tattaki a biya kuɗi. Kuma zanen da na yi, in ka tsayar da shi a firam guda, ba laifi, yana da kyau. Har yau ina ganin wahalar ta gyara mini hannu. Ko da yake, gaskiya, girman kai ne ya fi yawa. Na buga wasan Zelda: A Link to the Past na 1991, wanda ke buɗewa da dare ana tafka ruwa, na kuma ga cewa gajerun layuka ne kawai a karkace, an shimfiɗa su a kan fili mai duhu, faɗin fuskar duka fiksel 256, tsawo 224. Na gani da idona, na ce ni zan fi su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ruwan gaske ma ba haka yake ba. Ƙaramin ɗigo dunƙulalle ne, babba kuma ƙasansa a baje yake, kuma manyan suna faɗowa da gudun da ya kai kusan mita 9 a daƙiƙa. Ido ba ya kama siffarsu, zirin haske kawai yake gani. Duk damina ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon wannan, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na zana abin da ke cikin littafin firamare.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma wa zai karanta? Ku da ba kwa iya kallon bidiyon koyo sai kun ninka saurinsa.

Ku yi ziri mai kaurin fiksel ɗaya, tsawon uku zuwa biyar, toka-toka mai haske, ba shuɗi ba. Ku raba shi hawa biyu ko uku: na gaba dogo da sauri, na baya gajere, dishi-dishi, a hankali. In tsawon tayil ɗinku, wato guntun zanen da ake maimaitawa ya cika fuska, fiksel 64 ne kuma firam 8 kuke so, ɗigo ya sauka fiksel 8 a kowane firam, zagayen zai haɗu ba tare da tsalle ba. Sauran ƙarfinku ku zuba shi a ƙasa: fantsama ta firam biyu ko uku, zobe a kududdufi, ruwa na zuba daga indararo, launin fili duka ya yi duhu. Ku kunna wasan Stardew Valley a ranar da ake ruwa a cikinsa ku ga yadda canjin haske da ƙara suke ɗauke rabin aikin.

Kada ku zana ɗigo da hannu. Godot da Unity, injinan haɗa wasa, duk suna da abin watsa ƙananan zane barkatai, ku ba shi ziri ɗaya da kusurwa da sauri, ya yi muku. Sai dai ku sa shi ya bi layin fiksel, in ba haka ba zirin zai yi laushi, ya fita daban da sauran zanen.

A'a, ku zana da hannu tukuna, ko sau ɗaya. Wanda bai taɓa ganin ruwansa yana komawa sama ba, ba zai san abin da zai taɓa ba ranar da injin ya yi masa haka. Ku kam kun saba danna abu ya fito, ya lalace kuma ku ce manhajar ce ba ta da kyau. Ba manhajar ba ce, tazarar ɗigonku ce, ku je ku sake ƙirga ta.