Gonar malam buɗe littafi a Zanzibar

Jama'a, duk wanda Allah Ya kai shi Zanzibar da yara, ya daure ya tsaya ƙauyen Pete, kusa da dajin Jozani. Akwai wani lambu da aka lulluɓe da raga, cike da malam buɗe littafi kala-kala. A hutun nan muka je, har yanzu yaran ba su daina zancen ba.

Wajen akwatin ƙyanƙyasa muka fi daɗewa. An rataye kwansunan tsutsa a jere, wasu kore, wasu suna ƙyalli kamar ɗan kunnen zinare. A gabanmu guda ya tsage, malamin ya fito da fukafukai a jiƙe, a cukurkuɗe, ya maƙale yana jira su miƙe su bushe. Autata ta riƙe min hannu gam: "Baba, ciwo yake ji?" Mai yi mana jagora ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau, ya kuma roƙe su kada su taɓa fiffiken, don garin da ke jikinsa gogewa yake yi. Da ya ce da ƙafa suke ɗanɗanon abinci, sai da yayanta ya sa aka maimaita masa.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, mutanen ƙauyen ne ke kiwon tsutsotsin a gidajensu, su sayar wa masu lambun. Samun ya rage wa wasunsu dogaro da saran itace don gawayi. Wallahi ina sha'awar irin wannan sana'a, wadda sai daji ya rayu take ci.