Abin da Nake Dubawa Kafin In Bar Saniya a Garke

Ina da ƙaramar gonar kiwon shanun nama a yankin Akko, kusa da Kumo, kuma aikinmu kashi biyu ne: muna barin shanu su hayayyafa, sannan mu ɗaure maruƙan da suka tasa a turke mu ciyar da su har su isa sayarwa. Masu son shiga sana'ar sukan tambaye ni wane irin sa za su saya, kuma galibi idonsu yana kan girman jiki da kyawun ƙaho. Ni kuwa haihuwa nake fara dubawa, domin a nan ribar garke take.

Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki. Idan tana samun abinci da lafiya, tana iya sake ɗaukar wani 'yan watanni bayan ta haihu, amma a kiwon da aka saba da shi a ƙasarmu sau da yawa sai ta kusa shekara 2 kafin ta sake. Saniyar da ke haihuwa kowane wata 14 za ta ba da maruƙa 8 cikin shekara 10, mai yin wata 24 kuma 5 kacal, alhali harawa da dusa da kanwar da suka ci kusan ɗaya ne, kuɗin makiyayi ma ɗaya. Shi ya sa kowace saniya take da shafinta a littafin gonar, inda ake rubuta ranar da ta haihu, da yadda haihuwar ta zo, da ko maraƙin ya kai yaye. Wadda damina biyu ta wuce ba ta ɗauki ciki ba, bayan likitan dabbobi ya tabbatar ba bakkale ba ne, wato cutar da ke sa shanu ɓari, ko wata cuta, sai ta koma turke, daga nan sai hannun mahauta, komai kyawunta. Makiyayinmu ba ya jin daɗin wannan hukunci, don ya san kowace da sunanta, kuma ina ganin girman hakan, sai dai juya ba ta biyan kuɗin abincinta.

Nono ma ina ba shi muhimmanci ko da yake ba madara muke sayarwa ba. Maraƙin da ya ƙoshi a gindin uwarsa ana gane shi tun daga nesa, gashinsa kwance yana sheƙi, haƙarƙarinsa a rufe, kuma shi ne yake saurin karɓar kiwo idan ya hau turke.

Batun iri kuwa, Bunaji ne ginshiƙin garkenmu saboda juriyarsu ga zafi da doguwar tafiya da ƙarancin ciyawar bazara. Bokoloji sun fi cika jiki da sanyin hali, shi ya sa nake son bijiminsu a kan wasu shanun. Masu sa jinin shanun waje irin su Brahman ko Simmental ta hanyar allurar barbara suna samun maruƙa masu saurin girma, amma wanda ba shi da tabbacin ruwa da abincin rani da maganin kaska, gara ya dakata, domin jinin waje yana da ci, kuma ba ya haƙuri da yunwa. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta daɗe tana aiki a kan irin wannan haɗi, kuma ya dace a nemi shawarar masana kafin a zuba kuɗi.

Bijimi shi ne zaɓin da ya fi tsada idan aka kuskure, tunda jininsa zai shiga maruƙan shekara gaba ɗaya. A kasuwar shanu ta Tike ko ta Potiskum, ba na tsayawa ga yabon dillali. Ina sa a ja shi ya yi tafiya in ga ƙafafunsa da kofatonsa, in buɗe bakinsa in san shekarunsa ta haƙora, in duba faɗin bayansa da cikar cinyoyinsa, sannan in tabbatar marainansa biyu cikakku ne kuma daidai suke. Mafaɗaci ba na ɗaukarsa ko da araha, don halin yana bin 'ya'ya. Idan aka kawo shi gona, a ware yake zama har a yi masa rigakafin ciwon huhu a ga lafiyarsa, kuma da zarar 'ya'yansa mata sun kusa isa barbara, sai mu sayar da shi mu nemo wani daga garken da ba mu haɗa jini da shi ba.