Santimita biyu a bayan Baba

Baba yana da shekara 74. Kafin mu kai shi Yamai, ya yi kusan shekara biyu ba ya isa masallacin unguwarmu nan Tawa sai ya huta sau uku a hanya. Ƙafafu su yi nauyi, su mutu, sai ya duƙa ya dafa gwiwa ko ya zauna bakin dakali sannan su sake shi. Abin da ya ɗaure mana kai, tsayuwar sallah ce ke ba shi wuya, ruku'u kuwa har daɗinsa yake ji. Sai da aka ɗauki hoton IRM, na'urar da ke nuna cikin jiki, muka gane: hanyar da jijiyoyi ke bi cikin ƙashin baya ta matse a ƙugu, tsakanin ƙasusuwa biyu da likitoci ke kira L4 da L5. In mutum ya duƙa, takan ɗan buɗe.

Likita ya ce aiki za a yi, ta ƙaramar kafa za a shiga, kamar santimita 2, a zura bututu, a kankare abin da ya danne jijiyar ba tare da an ɗaye naman baya ba. Jini kaɗan, tashi da wuri. Ya lissafa haɗurra, gaskiya ya faɗa, amma ni kunnena ya maƙale a "santimita 2". Har na kira ƴan'uwa na ce abin bai wuce sakiya ba.

Tun kafin a shiga muka fara ganewa. Mai sa barci ya tambayi Baba ko yana shan wani magani, Baba ya ce a'a, sai dai ƴar asfirin da yake saya wurin mai tebur, wadda shi bai ɗauke ta magani ba. Aka ɗaga aikin da mako guda. Asfirin tana hana jini daskarewa, kuma jinin da ya taru a wannan matsatsin wuri yana iya danne jijiya har ƙafa ta shanye.

Ranar aikin, fatar da ke lulluɓe da jijiyoyi ta ɗan yage. A jikin tsoho siririya ce, kuma sau da yawa ta manne da abin da ake son cirewa. Aka toshe wurin, aka ce ya kwanta rigingine kwana biyu, ko matashi babu. Da ya yi gardama ya ɗago, sai ya riƙe kai yana salati, saboda ruwan da ke yoyo ta wurin da ya yage yana sa ciwon kai mai tsanani in an miƙe. Fitsari ma ya ƙi fita, dole aka sa masa roba. Mutumin da ko riga bai taɓa cirewa a gabana ba.

Dare na biyu ne ba zan manta ba. Wajen ƙarfe uku ya fara kiran yayansa da ya rasu tun ina firamare, yana cewa awaki sun shiga rumbu, yana fizgar robar ƙarin ruwa. Ya dube ni ya ce, "Ke ƴar wa ce?" Inna ta ce iska ce, a nemo malam. Majo, wato ma'aikaciyar jinya, ta zo ta kunna fitila, ta ce, "Hajiya, ku kwantar da hankali, tsofaffi kan rikice haka bayan maganin barci. Ku sa masa tabaransa, ku yi ta gaya masa inda yake." Haka muka kwana muna faɗa masa Yamai ce, Laraba ce. Sai rana ta huɗu ya tambayi carbinsa.

An ce mana kwana biyu za mu yi a asibiti, muka yi tara. Komawa gida ma, fiye da kilomita 500, sai da muka sauke shi ya taka a Doso, Dogonduci da Ƙwanni don kada jini ya daskare a ƙafa.

Yanzu wata biyar ke nan. Yana zuwa masallaci ba tsayawa, yana ma rigan ladan wani lokaci. Babban yatsan ƙafarsa ta hagu dai har yau ba ya ji, kuma jiya ya dawo daga Magariba da takalmi ɗaya bai sani ba, sai wani almajiri ya biyo shi da ɗayan.